Wasiƙa Kan Suturar Bango a Manhajojin Zanen Gini

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne a kan batun da na san ya shafe ka, tunda aikinka rubuta manhaja ne, nawa kuwa zanen gini.

Manhajoji irin su Revit da ArchiCAD suna ɗaukar bango a matsayin shimfiɗu bisa shimfiɗu: bulo, filasta, sannan suturar waje, kowanne da kaurinsa. Wannan ya wadatar idan fenti za a yi, amma bai wadatar ba ga fallayen alminiyom da ake kira alukobon, waɗanda suka cika fuskokin bankuna da gidajen mai a Kano da Abuja. Mai ɗaura su da falle yake lissafi, wanda yawanci santimita 122 ne a faɗi da 244 a tsawo, alhali kwamfuta murabba'in mita take bayarwa, ba ta kula da abin da za a yanke a zubar a bakin taga ko a kwana ba. Shi ya sa masu zane da yawa ke aron kayan zana bangon gilashi da ke cikin manhajar domin su tsara fallayen, dabarar da ke cin lokaci, kuma da zarar an matsar da taga ɗaya sai an bi an gyara.

Abin da nake fata shi ne manhajar ta jera fallayen da kanta, ta ƙirga su, ta nuna ƙarafan da ke riƙe su, ta kuma bar tazarar da alminiyom ke buƙata, domin yana miƙewa idan rana ta buge shi, kuma ka san zafinmu na watan Afrilu.

Mafi damuna shi ne gobara. A watan Yunin 2017 wuta ta bi suturar benen Grenfell da ke Landan, ta hallaka mutum 72, kuma robar da ke tsakiyar fallayen ce ta yi mata jagora zuwa sama. A kan allon kwamfuta falle mai cin wuta da marar ci kamarsu ɗaya. Ya kamata manhaja ta san abin da ke cikin kowane falle, ta gargaɗi mai zane idan ya sa mai roba a dogon bene, ko ya bar ramin iska na bayan sutura ba tare da shingen tare wuta a kowane hawa ba.

Don Allah ka gaya mini wanne daga cikin waɗannan ya fi sauƙin farawa a wurinku, ni kuma zan aiko maka da zanen da za ka gwada a kai. Ka miƙa gaisuwata ga Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amini.