Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan aikin ƙididdigar magani

Aboabo, Kumasi

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya Accra, ya hidimar ƙasa? Mu nan gida lafiya lau, Alhamdu lillahi. Saƙonki ya iso, na karanta shi a tsanake. Kin ce hankalinki ya rabu biyu: ƙawayenki da kuka gama jami'ar KNUST tare sun nufi banki da kamfanonin inshora, ke kuma ranki yana ga ƙididdigar lafiya, lissafin nan da ake auna magani da shi a san ko yana aiki. To, ki bi wannan hanya, na sa miki albarka. Sai dai ina so ki shiga da idonki a buɗe. Da yawa sun ɗauka likitoci ne za su gama bincikensu, su kawo wa mai ƙididdiga tarin lambobi, ya danna kwamfuta amsa ta fito. Mafi nauyin aikinki kuwa yana ƙarewa ne kafin mutum na farko ya haɗiyi ƙwaya ta farko. Tun ran gini, tun ran zane.

Matakan gwajin magani kin san su. A mataki na farko ana ba mutane kaɗan, 20 zuwa 80, galibi masu lafiya, don a ga abin da jiki zai iya ɗauka. A na biyu ana ba marasa lafiya ɗari ko 'yan ɗaruruwa, a nemo adadin da ya dace. Na uku shi ne babba, mutane ɗaruruwa har dubbai, kuma da shi hukuma take yanke hukunci. A cikin magunguna goma da suka kai ga gwaji a jikin mutum, kusan ɗaya ne kawai yake samun izinin shiga kasuwa. Ki riƙe wannan, don yawancin rahotannin da za ki rubuta a rayuwarki labarin maganin da bai yi ba ne, kuma wannan ma aiki ne mai lada.

Tambayar farko da likita zai yi miki ita ce: mutum nawa za mu ɗauka? Kada ki ba shi lamba sai ya amsa miki taki tambayar. A ce cikin yara 100 da ake ba maganin yanzu, 20 zazzaɓinsu yana dawowa kafin kwana 28. Sabon maganin, zuwa nawa ake sa ran zai rage? In ya ce zuwa 10, kina son dama 80 cikin 100 ta gano bambancin in har akwai shi, kin kuma yarda da haɗarin 5 cikin 100 na ganin bambanci inda babu, to yara wajen 200 kike buƙata a kowane ɓangare, wato masu shan sabon magani da masu shan tsoho. In kuwa ya ce daga 20 zuwa 15 ne, adadin ya tashi zuwa wajen 906 a kowane ɓangare. Bambanci ya ragu da rabi, yawan mutane ya ninka fiye da sau huɗu. Sannan ki sa lissafin waɗanda za su ɓace, masu ƙaura da masu tafiya biki arewa su daɗe: in ɗaya cikin goma ne, ki raba 906 da 0.9, ya zama 1,007. A nan ne ake fara zamba cikin aminci. Kuɗin da aka samu na yara 400 ne kawai, sai a roƙe ki ki rubuta cewa ana sa ran raguwa zuwa 10, don lissafi ya yi daidai da aljihu. Kada ki yarda. Gwajin da mutanensa suka yi kaɗan yakan ƙare ba e ba a'a, an ɗebi jinin 'ya'yan mutane a banza. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuma ƙauye-ƙauye za a raba maimakon mutum-mutum, kamar yadda aka yi a gwajin gidan sauro na Navrongo a arewacin Ghana, lissafin ya sake. 'Yan ƙauye ɗaya rafinsu ɗaya, sauronsu ɗaya, asibitinsu ɗaya, don haka yara 100 na ƙauye guda ba su kai darajar yara 100 da aka tsinto daga wurare daban-daban ba. Ko da kamannin da ke tsakaninsu 0.01 ne kacal a ma'aunin da ya ƙare a 1, in kowane ƙauye yara 100 ne, sai kin kusan ninka adadin gwajin gaba ɗaya. Wanda ya manta wannan zai ga sakamakonsa ya yi kyau fiye da gaskiya.

Sai ƙuri'a, wadda ake raba marasa lafiya da ita tsakanin sabon magani da tsoho. Tun gwajin streptomycin a kan tarin fuka da aka buga a Ingila a 1948, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa, aka gane cewa bai kamata likita ya zaɓi wanda zai sha sabon magani ba. Ba don likita mugu ne ba, tausayi ma yana karkata hannu: ya ga yaro ya galabaita, sai ya tura shi ɓangaren da yake ganin ya fi. Ke za ki fitar da jerin rabon a kwamfuta, ki adana lambar da kika fara da ita don a iya sake fitar da jerin daidai in masu duba aiki sun zo. In kin yi rabon huɗu-huɗu, biyu sabo biyu tsoho, ma'aikaciyar jinya mai lura da ta ga uku na farko ta riga ta san na huɗu. Don haka ki gauraya, wani rukunin huɗu, wani shida, wani takwas, kada kuma ki faɗa wa kowa a filin aiki yadda kika yi. In da ambulan ake rabo, ta zama mai kauri wadda ba a ganin cikinta in an ɗaga ta wajen taga, mai lamba a jere, kuma a rubuta sunan mara lafiya a bayanta kafin a yage.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wasiƙar nan. Akwai takarda da ake kira tsarin nazari, ke za ki rubuta ta. A ciki za ki faɗi abu ɗaya tak da za a auna nasara da shi, a rana ta nawa, da wace hanya, da yadda za a yi da wanda ya daina shan magani ko ya ɓace ko ya rasu. Ki sa hannu, shugaban bincike ya sa hannu, da kwanan wata, kafin a kulle rumbun bayanai, kafin kowa ya san wa ya sha me. Bayan nan ba a taɓa ta. Dalili kuwa lissafi ne mai sauƙi: in maganin ba ya komai, kika gwada abu 20 daban-daban, damar a ce aƙalla ɗaya ya fito kamar nasara ta kai 64 cikin 100. Masu gwajin ISIS-2 na 1988, wanda ya nuna asfirin yana rage mutuwa bayan bugun zuciya a cikin mutane fiye da 17,000, sun raba marasa lafiyarsu bisa burujin haihuwa da gangan, sai ga buruji biyu sun fito kamar asfirin bai amfane su ba. Sun buga haka don su nuna wa duniya cewa wanda ya yi ta yayyanka bayanai zai sami abin da yake so.

Ranar za ta zo, Uwata, da babban mutum mai furfura, wanda ya shekara biyar yana wahala a kan gwaji, zai tsaya a kanki ya ce sakamakon bai fito ba, amma ki duba mata kaɗai, ko 'yan ƙasa da shekara biyu, ko ki cire cibiyar nan guda da ba ta yi aiki da kyau ba. Kada ki ɗaga masa murya, kada kuma ki ƙi dubawa. Ki duba, ki rubuta ƙarara cewa wannan nazari bayan ganin sakamako aka yi shi, hasashe ne da ke buƙatar sabon gwaji. Babban sakamako ya zauna inda takarda ta ajiye shi. Haka ma wanda ƙuri'a ta sa a ɓangaren sabon magani, can za a ƙidaya shi ko da ya sha kwana biyu ya bari, don sau da yawa amai ko jiri ne ya sa ya bari, kuma cire shi ɓoye illar maganin ne.

Ki kuma kiyaye harshenki wajen fassara. Ƙimar p, lambar da ake auna ko bambanci dace ne kawai, in ta gaza 0.05 ba ta ce magani yana aiki kashi 95 cikin 100 ba. Abin da ta ce shi ne, da maganin ba ya komai, da wuya a ga bambanci mai girman haka. Kullum ki kawo girman amfanin tare da tazarar da yake iya faɗawa ciki, daga kaza zuwa kaza, don shi likita zai yi aiki da shi.

Wani aikin da zai zo miki in kin ƙware shi ne zama da kwamitin sa ido mai zaman kansa, wanda shi kaɗai yake leƙa sakamako gwaji na tafiya. Mai ƙididdigar da ke haɗa musu rahoto ba ya faɗa wa abokan aikinsa komai, ko da fuska. Irin wannan kwamiti ne ya sa aka dakatar da magunguna biyu a gwajin CAST a Amurka a 1989: suna daidaita bugun zuciya a na'ura, amma masu shan su sun fi mutuwa a kan masu shan ƙwayar da babu magani a ciki. Gyaruwar lamba a takardar awo daban, tsirar rai daban.

Kada ki ɗauka sai kin haye teku za ki ga wannan aiki. Gwajin bitamin A na yankin Navrongo, da aka buga a 1993, ya nuna raguwar mutuwar yara da kashi 19 cikin 100. Na gidan sauro mai magani, wanda Farfesa Fred Binka ya jagoranta, ya nuna kashi 17. Cibiyoyinmu na Kintampo da Agogo suna cikin cibiyoyi 11 na ƙasashe bakwai da suka gwada riga-kafin maleriya na RTS,S daga 2009 zuwa 2014 a kan yara 15,459, inda allura huɗu suka rage kamuwa da wajen kashi 36 cikin 100 ga yaran da aka fara wa suna wata 5 zuwa 17. A 2019 aka fara ba da shi a nan Ghana da Kenya da Malawi, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A Kintampo ɗin dai aka bi mata fiye da 200,000 ana ba su bitamin A mako-mako, sakamakon da ya fito a 2010 ya ce bai rage mutuwar mata masu ciki da haihuwa ba. Wannan amsar ta a'a ta hana ƙasashe zuba kuɗi inda babu amfani, kuma ni a wurina darajarta ɗaya da sauran.

Shekarunki na farko dai tsaftace bayanai za ki yi, kada ki raina shi. Za ki ga jariri ɗan wata tara an rubuta nauyinsa kilo 85, ɗigon 8.5 ya faɗi. Za ki ga allura ta biyu ta riga ta farko don wani ya juya rana da wata. Za ki ga yaro ɗaya ya zama uku, nan Mohammed, can Muhammad, can Mahama. Ko kin tabbata kin san daidai, kada ki gyara da hannunki. Ki tura tambaya filin aiki, su duba takardar asali, su gyara, a ga wanda ya gyara da rana da dalili. Ki roƙa a tafi da ke ƙauye ko sau ɗaya, ki ga yadda ake rataya yaro a sikeli yana wutsil-wutsil, sai ki san nauyin da za ki ɗora wa kowace lamba.

Batun karatu, digirin farko bai isa ba. Ki yi digiri na biyu a fannin, Makarantar Kiwon Lafiyar Al'umma ta Jami'ar Ghana da ke Legon tana da sashensa, ki kuma sa ido a kan tallafin karatu na SSACAB, shirin horar da masu ƙididdigar lafiya a Afirka, da na Commonwealth. Cikin manhajojin ƙididdiga, ki iya R sosai, ki iya Stata don cibiyoyinmu suna amfani da ita, ki koyi SAS da tsarin CDISC na jera bayanan gwaji in kina son kamfanonin magani ko masu yi musu kwangilar gwaji, inda albashi ya fi kauri amma sunanki ba ya yawan fitowa a takardun bincike. Ki ƙware a nazarin tsawon lokaci kafin abu ya faru da nazarin awon da ake maimaitawa. Ki karanta ƙa'idar ICH E9 ta 1998, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan ƙididdigar gwajin magani, da ƙarin da aka yi mata a 2019, ki sami shaidar horon kyakkyawan aikin gwaji. A nan gida ba a fara gwajin magani sai da izinin hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ƙarƙashin Dokar Lafiyar Al'umma ta 2012, da amincewar kwamitin ɗa'a, da rajista a fili, misali a PACTR, rajistar gwaje-gwajen magani ta Afirka. Bayanan mutane kuma amana ne: ba ya hawa WhatsApp, ba ya kwana a kwamfutar da ba ta da kalmar sirri.

Hausarki ma jari ce. Uwa a Asawase ko Nima da za ta dangwala yatsa a takardar yarda tana da haƙƙin ta gane cewa ƙuri'a ce za ta zaɓa wa ɗanta, cewa likitan ma bai san wanne aka ba shi ba, cewa in ta janye ba za a hana ɗanta magani ba. In an fassara takardar, ki nema ki karanta.

Kafin hidimarki ta ƙare ki rubuta wa cibiyoyin bincike na Noguchi da KCCR da Kintampo da Dodowa, ki ce kina neman aikin kula da bayanai ko da na wata shida ne. Ki haɗa da nazari ɗaya da kika yi da hannunki daga farko har ƙarshe. Ki aiko min shi tukuna in duba. Innarki tana gaishe ki, ta ba direban motar Asabar yaji da kuka ya kawo miki, ki kira shi da hantsi kafin ya iso tasha. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare min ke.

Wassalam,
Babanki