Ya Edita: noma mun iya, ajiya ce ke kada mu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ɗan sam min fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda muke ajiyar kaya a gidajenmu, tun daga hatsi har takardu har abin da ke cikin wayoyinmu. Ni mutumin Jega ne, ina da ɗan shagon buga takardu da hoto kofi, da damina kuma ina taɓa noma kamar kowa, to ɓarnar ta ko'ina ina ganinta da idona.

Mu Kabawa ba a yi muna gorin noma. A Birnin Kebbi anka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a 2015, shinkafarmu ce anka riƙa kaiwa Legas da sunan Lake Rice, albasar Aliero kuwa har kudu ake lodinta. Amma ka lura ranka ya daɗe, duk taron da za a yi na manoma maganar ba ta wuce taki da iri da injin ban ruwa da bashi, da wuya kaji wani ya tashi ya ce to in an kai amfanin gida fa, ina za a sa shi, ya za a yi ya kai bazara lafiya? Alhali nan ne asarar take, mutum ya sha rana ya sha bashi sannan ƙwaro da ɓera da danshi su raba gadon tun yana raye.

Bari in fara da wake dan shi ya fi tada min hankali. Kowa ya san wake baya jimawa ƙwaro ya huda shi ya maida shi gari, to abin da mutane sunka ɗauka mafita shine su yayyafa mai fiya-fiya ko Sniper su ɗinke buhu, wallahi wanga ba ajiya bace, guba ce muke ci kuma muke saida ma 'yan uwanmu. Maganin da ke cikin Sniper ba a yi shi dan a zuba ma abinci ba, kuma shi ne sanadin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan shi da sunka riƙa samu a ciki. Su sun ƙi ci, mu muna dafa ma yara alale da ƙosai da shi. Sai kuma ƙwayar nan ta Phostoxin da ake jefawa cikin buhu, ita iska mai guba take fitarwa, kuma iskan baya tsayawa cikin buhu, in ɗakin da anka jera buhunan nan ne ake kwana ko yana manne da ɗakin kwana to ana iya wayar gari da gawa. Wanda bai samu horo a kanta ba dan girman Allah ya bar ta, musamman a cikin gida.

Kuma abin haushin akwai hanya da bata buƙatar magani ko ɗigo. Buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tun farko saboda wake, buhu ne mai leda biyu masu kauri a ciki sai buhun saƙa a waje. Sirrin shi kawai hana iska shiga, ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskan da ya rage sai su mutu, ƙwansu ma ba zai yi komai ba. Amma sai an bi ƙa'ida, ka duba ledar ko ta huje kafin ka zuba, ka tsince tsakuwa da kara dan kar su tsaga ta, ka matse iskan sama ka murɗe bakin ledar farko ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban, ba wai ka haɗa su duka ka ɗaure lokaci guda ba. Ka ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera, kar kuma ka riƙa buɗewa kullum kana ɗiba, na ci ka ware shi daban. Masara da dawa da gero duk yana yi musu, in ledar bata huje ba kuma baɗi ma ka sake aiki da shi. Mai ɗan kaɗan kuwa jarka ta wadatar, ko manyan gorunan ruwa, a cika fal har wuya a toshe murfi da leda a ɗaure. Sai dai kar a yi da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, komai wankin da anka yi mata. Iyayenmu ma ai toka da yashi suke cakuɗa ma irin shuka su toshe bakin tulu da laka, dabarar guda ce, mu ne munka raina ta munka kama kwalba.

Duk wanga kuma sai hatsi ya bushe ƙayau, in ka rufe shi da ɗanyantaka cikin leda ka gama da shi. Tsofaffi da haƙori suke gwadawa, in ya fashe ƙas to ya yi. Akwai kuma gwajin gishiri, ka samu busasshiyar kwalba ka zuba hatsin da busasshen gishiri ka rufe ka girgiza ka ɗan bari, in gishirin ya manne jikin kwalba to akwai sauran ruwa, a koma shanya. Shanyar ma kan tabarma ko tamfol, ba kan ƙasa ko gefen kwalta ba inda awaki da ƙura da baƙin mai ke bi.

Gyaɗa da masara su nasu haɗarin fumfuna ne. Waccan koriyar fumfunar tana haifar da wata guba da likitoci ke kira aflatoksin, tana lalata hanta har ta kai ga kansar hanta, kuma dahuwa ko suya basa kashe ta. To kaga masu sayen ruɓaɓɓar gyaɗa dan arha suna ƙuli da ita, ko masu cewa a ba kaji da shanu, su sani in saniya ta ci yana fita a nono. Wadda ta yi fumfuna a tsince a binne, asarar tiya guda ta fi jinya sauƙi.

Albasa ita kuma akasin wake ce, ita iska take so. Manoman Aliero da Gwandu sun fi ni sani, amma ga sabbin shiga masu saye su ajiye dan jiran tsada, a daina ban ruwa kafin cira, a barta ta sha iska a inuwa har wuyan ya bushe, a ware mai rauni da mai kaurin wuya a fara saida su, sauran a shimfiɗa a rudu ko kan katako da iska ke ratsawa ta ƙasa, kar a tula ta da yawa, kar a rufe da leda, kuma a riƙa zagayawa ana cire wadda ta fara ruɓa dan guda ɗaya tana janyo na kusa da ita. Ganyen ma ba a yar da shi, gabu ake yi. Tumatir da tattasai in sun yi arha a yanka a shanya a yi kauɗa, kuɓewa haka. Ga kuma dabarar tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jigawa, ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000, ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a aje inda iska ke kaɗawa, kayan miya su ƙara kwanaki. Da rani da bazara ta fi aiki, da damina iska na da laima sanyin baya kai haka. Ni dai na fi yarda da ita a kan firijin da wuta ke zuwa ta tafi nama ya narke ya sake daskarewa.

Kayan ɗaki ba zan ja ba. Duk abin da kake so ya daɗe ka ɗaga shi daga ƙasa ka janye shi daga bango, gara da danshi ta nan suke hawa. Adaka ta ƙarfe ta fi jakar Ghana-must-go nesa ba kusa ba, kuma tufafi a tabbatar sun bushe kafin a ninke. Abu biyu kawai nike roƙon mata da maza, kafur da ake sawa cikin kayan jarirai a daina, yana iya jawo ma wasu jarirai shawara mai tsanani, likitocin yara sun sha faɗa. Sai ajiyar fetur cikin ɗaki ko kusa da madafi, balle da hunturu.

Yanzu ga inda aikina ya shafa. Bayan ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa da gidaje a Kebbi, da kuma 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Zamfara da ƙasar Zuru, abin da nike gani a shago yana sa ni ƙwalla. Mutum ya zo da satifiket ya manne da juna ya zama dunƙule, wani ya ce takardar gonar gado ta ƙone tare da rumbu, wata ta ce katin asibiti da takardar haihuwar yara duk suna ƙarƙashin katifa ruwa ya tafi da su. Hatsi in ya tafi ana sake nomawa, amma takarda sai ka yi ta zarya kotu da ofis ofis kana rantsuwa. Shawarata, duk takardun gida masu muhimmanci a sa su cikin leda mai zif, a haɗa a jaka guda a rataye sama inda kowane babba a gidan ya sani, yadda ko cikin dare anka ce a fita hannu guda za a sure ta. A yi hoto kofi a kai ma ɗan uwa a wani gari. Laminatin kuma a yi ma kofi, asalin a barshi yadda yake, dan zafin injin na iya ɓata shi kuma in an manne an manne kenan. Sannan a ɗauki hoton kowace takarda da waya, a fili, kusurwa huɗu duk su fito. Lambar NIN in ta ɓace ana danna *346# da layin da anka yi rajista da shi, to kaga layin nan ma kaya ne da ya kamata a tsare, dan in ya daɗe ba a aiki da shi kamfani na iya ba wani.

Amma hoto a waya kaɗai shi ma ba ajiya bane, nan ne samari da 'yan makaranta ke faɗawa rami. Ɗalibi ya rubuta furojet ɗinshi gaba ɗaya yana cikin filash guda, ya soka a kwamfutoci goma bairos ya cinye, ya zo yana kuka in dawo mai da shi. Ɗan kasuwa lissafin bashin da yake bin mutane duk yana WhatsApp, waya ta faɗa ruwa ko an sace a tasha ko mai gyara ya yi mata filashin, shikenan. Memori kuma akwai jabu da yawa, a rubuta babban lamba a jiki amma kana cika shi hotuna su fara lalacewa. Masana harkar kwamfuta suna cewa abu mai muhimmanci ya zama yana wuri uku, kuma ɗaya daga ciki ba a gida ɗaya da sauran ba. A wurinmu ma'anarsa, ɗaya a waya ko kwamfuta, ɗaya a filash ko memori mai kyau da ba a yawo da shi, ɗaya a intanet. Duk mai Gmail yana da 15GB kyauta a Google, wanda ya haɗa saƙonni da Drive da hotuna, yanzu har ajiyar WhatsApp ta Android cikin shi ake lissafawa, masu iPhone kuma 5GB ne a iCloud. Takardun gida duka ba za su ci komai a ciki ba, bidiyoyin biki da na guruf ne ke cinye wurin, sai a cire su daga ajiyar. Mafi sauƙi ma ka tura ma kanka takardar ta imel.

Matsalar da tafi yawa kuwa, mutum bai san fasuwod ɗinshi ba, yaron shagon waya ne ya buɗe mai Gmail ranar da ya sayi wayar, bai rubuta ba, yaron ma ya manta ko ya bar garin. To ajiyar tana nan amma ba mabuɗi. Dan Allah a rubuta adireshin da fasuwod a takarda a sa cikin waccan jakar, a canza shi in wani ne ya buɗe, a sa lambar sirri ta biyu a WhatsApp, a kuma riƙa leƙa akawun ɗin dan Google sun ce wanda ya shekara 2 ba a taɓa shi ba suna iya goge shi. In za a kai waya gyara a cire memori da layi, musamman mata, hotunan iyali amana ne.

Roƙona gareka Malam Edita, duk kaka ku ware shafi ko rabin shafi kan ajiya, da hotuna yadda ake ɗaure buhun nan mataki mataki, ku tambayo masana na cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta NSPRI da ke Ilorin su yi bayani da Hausa. Malaman gona na KARDA, hukumar aikin gona ta jihar Kebbi, kuma su fito ranar kasuwa a Jega da Argungu da Yauri da Kamba su gwada a gaban jama'a, a rufe buhu biyu a bar su wurin sarkin kasuwa, bayan wata huɗu a buɗe kowa ya gani. Dillalai su kawo buhun na gaske har kasuwannin ƙauye tun kafin a fara roron wake, dan in manomi ya nema bai samu ba kwalbar fiya-fiya ce zai koma ma.

Na gode, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka.

Naku, mai karatu daga Jega, jihar Kebbi.