Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni game da Anders Borg, tsohon ministan kuɗin Suwidin

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron ƙungiyar ɗaliban tattalin arziki na makon jiya ka miƙe daga layin baya, ka ce: "Malam, kullum kana yabon Anders Borg na Suwidin. Shin gwani ne da gaske, ko kuwa gida ya tarar a gyare ya shiga ya kwanta?" Zaure ya ɗauki dariya, lokaci ya ƙure, na ce zan ba ka amsa a rubuce. Tambayarka ta fi ƙarfin dariya, kuma kwana biyu ke nan tana yi mini yawo a ka.

Da farko, kana da gaskiya: gida ya tarar a gyare. Amma sai ka san da me aka gyara shi. A farkon shekarun 1990 bankunan Suwidin sun durƙushe, ayyuka suka ɓace, har a watan Satumba na 1992 babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 500 cikin ɗari don kare darajar kurona, kuɗin ƙasar, kuma bai kare ta ba. Borg yana wurin. Yaro ne ɗan shekara 24, haifaffen 1968, yana aiki a ofishin firaminista Carl Bildt. A gabansa aka yi wannan ɓarin. Bayan faɗuwar gwamnatinsu a 1994, jam'iyyar Social Democrat ce ta ɗaure wa ƙasar ciki: daga 1997 aka sa wa kashe kuɗin gwamnati iyaka tun kafin shekara ta kama, daga baya aka ƙara da ƙa'idar cewa baitulmali ya riƙa ajiye rara. Abokan hamayyarsa ne suka yi wannan aikin, ba shi ba.

Shi kuwa a waɗannan shekarun ya tafi bankuna, ABN Amro da SEB, ya kuma yi aikin ba da shawara a babban bankin ƙasa, kafin jam'iyyar Moderate ta ɗauko shi ya zama babban masanin tattalin arzikinta. Shi da shugaban jam'iyyar, Fredrik Reinfeldt, suka juya akalar jam'iyyar da aka sani da ta masu hannu da shuni, suka ce ita ce sabuwar jam'iyyar ma'aikata. A watan Oktoba na 2006 ya zama ministan kuɗi yana da shekara 38, da gashi ɗaure a ƙeya da ɗan kunne. Na tuna ganinsa a talabijin ranar kasafi. A can al'adarsu minista da ƙafa yake takawa daga ma'aikatarsa zuwa majalisa, kundin kasafi a hannunsa ɗaure da zare mai shuɗi da rawaya, 'yan jarida na biye. Ga wannan mutum da kamar makaɗi yana tafe a titin Stockholm da lissafin ƙasa sukutum a hannu.

To ina gwanintar? A wurina tana wuri ɗaya, kuma shi ya sa nake yawan kawo muku shi. Wanda ya gaji cikakken rumbu yakan ɗauka dama ce ta samu. Borg ya zo da babban buri na rage haraji, yana da rinjaye a majalisa, amma bai tsinke igiyar da abokan hamayya suka ɗaure baitulmali da ita ba. Ƙari ma ya yi. A 2007 gwamnatinsu ta kafa majalisar masana mai zaman kanta, ƙarƙashin Farfesa Lars Calmfors, aikinta ta duba kasafin gwamnati duk shekara ta faɗa wa jama'a inda aka kauce. Wato minista ya ɗauko mai sa masa ido da hannunsa. Kuma sun sa masa ido: a 2009 suka ce ya cika riƙe hannu alhali tattalin arziki na buƙatar a zuba masa kuɗi. Bai ji daɗi ba, har suka yi sa-in-sa da Calmfors a bainar jama'a. Majalisar dai tana nan har yau.

Lokacin da guguwar tattalin arzikin duniya ta 2008 ta taso, an ga amfanin wannan. Bankunan Suwidin, Swedbank da SEB, sun zuba bashi mai yawa a Latbiya da Estoniya da Lituweniya, kuma ƙasashen nan sun faɗi warwas. Arzikin Suwidin ya ja baya ƙwarai a 2009, sai ga shi a 2010 ya yi tsalle da kusan kashi 6 cikin ɗari. Borg ya ɗora wa bankuna wani kuɗi na shekara-shekara da ake tarawa a asusu, domin in sun sake faɗuwa kada a taɓa aljihun mai biyan haraji. A 2011 jaridar Financial Times ta zaɓe shi gwarzon ministocin kuɗi na Turai. Sai dai kada ka ba shi ladan duka. Suwidin ta ƙi shiga yuro, kuɗin bai-ɗaya na Turai, a ƙuri'ar raba gardama ta 2003, don haka kurona ta sauka, kayan da suke fitarwa suka yi araha a waje, babban banki kuma ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 0.25 cikin ɗari. Babu ɗaya a ciki da ya fito daga teburinsa.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ban cika faɗa a aji ba, kuma laifina ne. Zuciyar manufarsa ita ce aiki ya fi zaman gida riba. Ya rage wa mai albashi haraji hawa biyar tsakanin 2007 da 2014. Ɗauki mace mai kula da tsofaffi a gidan jinya: a ƙarshen wata takardar albashinta ta nuna ƙari na gaske, kuma ta ji shi a cefane. Amma maƙwabcinta da ciwon baya ya kwantar, ko tsohuwa mai fansho, wannan rangwamen bai shafe su ba. An tsaurara inshorar rashin aiki, aka ƙara kuɗin shiga, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka fice daga asusun. A 2008 aka sa wa kuɗin da ake biyan wanda ciwo ya hana aiki wa'adi, marasa lafiya da yawa suka wayi gari an yanke musu. A daidai wannan zamanin aka soke harajin dukiya, a 2007, aka kuma rage harajin kamfanoni zuwa kashi 22 a 2013. Duk da haka, da suka sauka, rashin aikin yi yana wajen kashi 8 cikin ɗari. Wannan yana ci mini rai, domin lissafin da ya daidaita a takarda, a jikin wani ya daidaita.

Sun sha kaye a zaɓen Satumba na 2014. Magdalena Andersson, ita ma masaniyar tattalin arziki, ta karɓi kujerar, ta leƙa ta ce rumbu wayam yake, saboda a shekarun ƙarshe kasafin ya koma giɓi. Magoya bayansa suka ce bashin ƙasa na nan wajen kashi 40 cikin ɗari na arzikinta, ƙasa da na yawancin Turai. Duka biyun gaskiya ne. A 2017 kuma ya nemi afuwar jama'a kan halin da ya nuna a wani biki bayan ya bugu, ya sauka daga kujerarsa a kamfanin Kinnevik. Ba zan ɓoye maka wannan ba tunda rayuwarsa ka tambaya.

Saboda haka amsata: gwani ne, ya gaji gyararren gida, bai rushe shi ba a lokacin da yake da ikon rushewa, kuma raunana sun biya wani ɓangare na kuɗin. Ka zo ofis ranar Talata bayan azahar, ina da rahoton majalisar Calmfors na 2009, mu duba tare inda suka saɓa da shi.

Malaminka.