Sauraron Allah a cocin da yaƙi ya watsa: kira daga Port Sudan

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu wasu 'yan ƙalilan ne daga mabiya ɗariƙar Katolika masu jin Hausa a Sudan, aikinmu koyar da katikisma, wato tushen koyarwar addininmu, da jagorantar addu'a. Mun san akasarin masu karanta jaridarka Musulmi ne, haka ma Hausawan da suka kafu a ƙasar nan tun kaka da kakanni, daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Kasala da Damazin. Saboda 'yan'uwanmu na coci muke roƙon fili, na nan da na gida, amma maƙwabtanmu ma ba za su rasa abin ɗauka ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 zaman coci ya sauya. Dayosis, wato yankin coci da ke ƙarƙashin Bishop guda, biyu ne a ƙasar, ta Khartum da ta El Obeid. Babban Bishop Michael Didi ya koma Port Sudan, Bishop Yunan Tombe Trille ya ci gaba da zama a El Obeid cikin wuya, an kwashe Fada-Fada da sistoci da yawa, a watan Yunin 2025 kuma harsashi ya kashe Fada Luka Jomo a El Fashir. Jama'ar da a da ke cika babban cocin Waliyyi Matiyu na Khartum ta watsu a Kosti da Atbara da Gadarif da nan bakin Bahar Maliya. Akwai masu yin makonni ba su ga Mas ba, wato babbar ibadar da Fada ke jagoranta, inda yake keɓe gurasa ta zama Jikin Kristi a raba wa masu bi.

A irin wannan hali ciwo biyu ke kama masu bi. Wani komai ya gani alama ce: mafarki, gizagizai, saƙon murya na wani annabin WhatsApp da ya yanka ranar da yaƙi zai ƙare. Wani kuma zuciyarsa ta rufe ruf, yana zuwa addu'a da ƙafa amma ya daina sa ran Allah zai ce masa komai. Abin da muke so mu faɗa shi ne, buɗe zuciya ga alamun Allah aiki ne mai tsari, ana koyonsa, kuma yawancin ta'aziyyar da Allah ke aikowa tana zuwa ta hanyoyin da ido ya saba da su har ya raina.

A duba labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Ya gudu jeji, ya zauna ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai fara da wa'azi ba, gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa dutsen Horeb aka yi iska mai ƙarfi da girgizar ƙasa da wuta, Ubangiji ba ya cikinsu, sa'an nan murya siririya ta zo. Don haka in mutum ya zo wurin malamin katikisma ya ce Allah ya yashe shi, ko ya ce yana ganin abubuwa da dare, tambayar farko ita ce yaushe rabonsa da abinci, awa nawa yake barci, ko akwai zazzaɓi a jikinsa. Maleriya da zazzaɓin dengi suna kawo mugayen mafarkai. Wanda ya kwana watanni ƙarƙashin ruwan bama-bamai yakan firgita in an buga ƙofa, ya ga gawarwaki a barci. Wannan rauni ne, ba saƙo ba ne daga sama, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba. A yi masa addu'a, a raka shi asibiti.

Bayan haka sai a koya masa binciken zuciya na yamma, wanda Waliyyi Ignatius na Loyola, da ya rasu a 1556, ya tsara. Minti 15 ya isa, kuma ba ya bukatar littafi ko lantarki. Mutum ya zauna shiru, ya fara da godiya, amma godiya mai suna: tankar ruwa ta iso unguwa, yaro ya sha kunu bai yi amai ba, wayar ƙanwa ta shiga bayan wata guda. Sai ya roƙi haske, ya bi yininsa daki-daki tun daga asuba, yana lura da inda zuciyarsa ta yi sanyi ta karkata ga bege da ƙauna, da inda ta yi duhu ta karkata ga fushi da fid da rai. Ya roƙi gafara a kan abin da ya ɓata, ya ɗauki niyya guda ɗaya ta gobe, ya rufe da addu'ar Ubanmu. Inda aka fi yin kuskure shi ne a tsallake godiyar a faɗa kan lissafin zunubi, mutum ya tashi ya fi yadda ya zauna nauyi. Wani kuma ya ɗauki niyya goma, ko ɗaya bai cika ba. Mai iya rubutu ya riƙa sa layi biyu a ƙaramin littafi kowane dare. Bayan mako uku ko huɗu ya karanta daga farko, a nan yakan ga abin da yini guda ba ya nunawa.

Ignatius ya ce a lokacin duhun zuciya kada a sauya niyyar da aka ɗauka lokacin haske. Wanda ya yi alkawarin addu'ar safe kada ya bari don ya daina jin daɗinta, ya ma ƙara kaɗan. Mai tunanin barin coci ko rabuwa da matarsa kada ya yanke a wannan hali. Amma a kula, wannan ƙa'ida ba ta shafi gudun tsira ba. In faɗa ya matso unguwa, a kwashe yara a tafi, kada wani ya ce yana jiran alama. Hankalin da Allah ya ba mutum shi ma kyautarsa ce.

Mafarki ko wahayi kuwa ana gwada shi, kamar yadda 1 Yahaya 4:1 ta umurta. Ya yi daidai da Bishara da koyarwar Ikilisiya? Me ya haifar bayan kwanaki, salama da haƙuri da kirki, ko tsoro da girman kai da rabuwar kai? Mai shi ya yarda ya kai wa Fada ya ji gyara, ko ya ce sirri ne tsakaninsa da Allah? Duk saƙon da ya nuna wata tsohuwa ya ce mayya ce, ko ya ɗora laifin yaƙi a kan wata ƙabila, ko ya nemi a tura kuɗi kafin a yi addu'a, ko ya hana mara lafiya shan magani, a ajiye shi nan take. Ikilisiya ba ta tilasta wa kowa gaskata wahayin wani, ko da wanda aka amince da shi ne. A watan Mayun 2024 fadar Fafaroma ta fitar da sababbin ƙa'idoji: Bishop ne ke bincike tare da masana, ya miƙa sakamakon ga Roma, kuma a bisa al'ada iyakar abin da za a ce shi ne babu abin da ya hana masu bi amfana, ba a cewa lallai daga sama abin ya zo.

Akwai abu guda da ya shafi garuruwan bakin teku musamman. Gurasar Mas garin alkama ce da ruwa kawai. A zafi da laimar Port Sudan takan yi laushi ta manne da juna, in ta daɗe ko aka jiƙa ta a ruwa kuma sai a ga jan tabo kamar jini. Wata ƙwayar cuta mai suna Serratia marcescens da wani jan fumfuna suna kawo wannan launi a kan abinci mai sitaci. A 2015 an yi ta yayata irin haka a dayosis ɗin Salt Lake City ta Amurka, bincike ya nuna fumfunan burodi ne. Wanda ya ga haka kada ya ɗauki hoto ya watsa, kada ya tara jama'a. Ya rufe, ya kulle, ya sanar da Fada, shi kuma ya kai wa Bishop. Rigakafin shi ne kada a keɓe fiye da abin da za a raba. Dokar Ikilisiya ta ce inda ake ajiye Jikin Kristi a samu mai kula, akwatin ya zama mai ƙarfi a kulle, fitila na ci kusa da shi, Fada kuma ya yi Mas a wurin aƙalla sau biyu a wata in da hali. A ganinmu, a wannan yanayi kada ajiya ta wuce mako biyu ba a sabunta ba. Ba a kuma yarda mutum ya ajiye a ɗakinsa ko ya riƙa yawo da shi a aljihu don kariya ba.

Ranar Lahadi ranar aiki ce a Sudan, hutu Juma'a da Asabar ne, don haka taro yakan zama da sassafe ko da yamma. In babu Fada, dokar Ikilisiya ta ɗauke wajibcin Mas, ta ƙarfafa a taru a kan Maganar Allah. Ana farawa da waƙa da alamar gicciye da roƙon gafara, sai karatun ranar da Zabura da Bishara, ɗan bayani, shaidar bangaskiya, addu'o'in jama'a, godiya, Ubanmu, sai raba Jikin Kristi in akwai ajiya da wanda aka ba izini. Minti 45 zuwa awa guda ya wadatar. Mai jagora ba ya zama a kujerar Fada, ba ya kawo gurasa da ruwan inabi kan bagade, ba ya karanta addu'ar keɓewa, a ƙarshe kuma ba ya ɗaga hannu ya sa albarka, sai ya yi alamar gicciye a jikinsa ya roƙa wa kowa har da kansa. In an rasa kalanda, don sanin Bisharar da za a karanta a shekarar, a raba lambar shekara da 3: in saura 1 shekarar Matiyu ce, in saura 2 ta Markus, in babu saura ta Luka. Shekarar coci tana farawa ne tun Lahadin farko na Zuwan Ubangiji, wato lokacin shirin Kirsimeti, wajen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disambar shekarar da ta gabata.

Abin da muke roƙon masu jagora shi ne su bar shiru na minti biyu cikakku bayan Bishara. Da yawa suna tsoron shirun, suna cike shi da waƙa ko dogon jawabi, alhali a nan ne kalma guda takan sauka a zuciyar wadda ta rasa ɗa. A addu'o'in jama'a kuma a ambaci matattu da ɓatattu da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ci lokaci. Uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba, ba ta san inda kabarinsa yake ba, jin sunansa a bakin jama'a suna amsawa yakan zame mata jana'izar da ba ta samu ba.

Mutane da yawa suna ɗauke da nauyin da Ikilisiya ba ta ɗora musu ba, don rashin sani. Jariri na bakin mutuwa, kowa na iya yi masa baftisma: a zuba ruwa mai tsabta a kansa sau uku har ya gudana, wanda ke zubawa shi ne zai ce, da niyyar yin abin da Ikilisiya ke yi, “Ina yi maka baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki.” Ba a cewa “muna yi maka”, Roma ta bayyana a 2020 cewa hakan bai inganta ba. A rubuta suna da rana da wuri da shaidu a kai wa Fada, in yaron ya rayu ba a sake masa. Wanda ya rasa Fadan da zai furta wa zunubi ya yi tuba ta gaskiya saboda ƙaunar Allah, da niyyar furtawa da zarar ya samu dama, gafara ba ta jiran hanya ta buɗe. Masu son aure, in an hanga za a yi wata guda ba a iya kai wa ga mai ikon ɗaurawa ba, suna iya ɗaurawa gaban shaidu biyu in babu abin da ya hana, su sanar daga baya. Shafe mara lafiya da mai aikin Fada ne kaɗai, amma wanda aka ba izini yana iya kai wa mai jinya Jikin Kristi, kuma azumin awa guda kafin karɓa bai hau kan marasa lafiya da tsofaffi ba. Mai amai kam a dakata masa, a yi addu'a tare da shi. Tun da kwalara ta bazu a 2024 muke jan kunne kada a ba mara lafiya ruwan albarkar da ya kwana biyu a buɗe ya sha. A yayyafa masa, a ba shi tafasasshen ruwa lita 1 da sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a garzaya da shi asibiti.

Wajen zuwa gaisuwar mutuwa, Hausawan nan sun riga mu sanin abin yi: a zauna, a yi shiru, a kawo shayi da abinci, a dawo bayan taro ya watse. Kada a ce wa mai makoki Allah ya nuna mana dalilin rasuwar, ba mu sani ba. Mutane biyu su je, rabin awa, Zabura guda, sannan a sake komawa bayan mako biyu, lokacin da gidan ya yi tsit.

Mai neman alama kuma ya leƙa takaya, ɗakunan girkin da 'yan unguwa suka kafa, inda ake dafa adas da ful, wasu nau'o'in wake, a manyan tukwane a zuba wa duk wanda ya miƙo kwano, ba a tambayar addininsa ko ƙabilarsa. Kiristan da ya ci daga hannun maƙwabcinsa Musulmi ya sa wannan cikin godiyarsa ta dare, gobe kuma ya je ya taya ɗebo ruwa ko tsince wake. Ranar 8 ga Fabrairu muke tuna Waliyiya Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya, aka sayar a kasuwannin El Obeid da Khartum, ta rasu a Italiya a 1947, aka sa ta cikin tsarkaka a 2000. Ta yi shekaru a bauta ba ta san sunan Allah ba, daga baya ta shaida cewa shi ke riƙe da ita duk tsawon lokacin. Yaran da aka haifa a gudun hijira ya kamata su ji labarinta dalla-dalla.

Roƙonmu ga 'yan'uwa a Kaduna da Jos da Kano da Maraɗi: ku rage turo mana bidiyon annabce-annabce, suna cinye data, suna tayar da hankalin tsofaffi. Ana Mas a nan da Larabci da Turanci, littattafan Hausa kuwa sun yi ƙaranci. Abin da muke bukata shi ne karatun kowace Lahadi da Zaburarsa da Hausa, a rubuce ba a hoto ba don sabis ba shi da ƙarfi, ya iso tun ranar Alhamis domin mai karatu ya samu ya yi bita kafin taro.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wasu malaman katikisma masu jin Hausa,
Port Sudan.