Shayin wankin ciki ruwan jiki yake kwashewa, kitsen yana nan

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili a jaridar nan in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato harkar shayin wankin cikin nan da ta cika mana zango a Kumasi, tun daga Aboabo, Asawase har Tafo. Wasu su ce ditoks wasu su ce shayin rage tumbi, ana sayarwa a kasuwa, ana talla a cikin trotro, yanzu kuma abin ya koma WhatsApp da TikTok inda za ka ga hoton mace ɗaya sau biyu, ɗaya da tumbi ɗaya ciki a shafe, a ƙasa an rubuta kwana 7 kilo 5. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikina gwada hawan jini da suga, kuma yawancin matan da ke zama a gabana 'yan unguwarmu ne, wasu ma tare muka yi makarantar allo, shi ya sa abin yake taɓa ni.

Maganar da aka fi faɗa min ita ce, "Anti ai na san ba shi kaɗai zai yi ba, so nake in fara wanke cikin tukuna jikin ya buɗe, sai in ɗora da rage abinci." Wannan maganar fa ita nake so mu duba, don ta fi tallar ƙarya shiga zuciya, tana kama da hankali.

Yawancin shayin nan idan ka juya bayan kwalin za ka ga akwai ganyen senna, dangin filasko ne da iyayenmu suka sani tun da can suna ba mai fama da taurin bayan gida. Aikinsa a babban hanji yake, yana zaburar da shi ya turo abin da ke ciki tare da ruwa, shi ya sa mace za ta sha da dare wajen asuba ciki ya fara murɗa. To amma kafin abinci ya isa babban hanji, ƙaramin hanji ya riga ya tsotse mai da suga da sitacin da ke ciki. Wakyen da kika ci da rana ya shige jini ya gama, abin da shayin ya tarar saura ne kawai da ruwa. Ke kina ganin kin shiga bayi sau da yawa jiki ya yi sakayau kin ɗauka kitse ne ke fita, wallahi ba shi ba ne, kitse ba ta nan yake fita ba, jiki ne ke ƙona shi a hankali mafi yawansa ya fita ta numfashi.

Amma sikeli yana sauka, wannan kam ban musa ba, kuma nan ne ake kama mutane. Jikinmu yana ajiye wani suga a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Ranar da mutum ya daina cin abinci ya koma ruwan lemun tsami da citta da kokwamba, wannan ajiyar ake fara cinyewa ruwan da ke tare da ita ya tafi a fitsari, ka haɗa da hanjin da ya zama wayam da gudawar da shayi ya kawo, ga kilo 2 ko 3 nan sun tafi cikin kwanaki kaɗan. Kamar zani ne da aka jiƙa aka matse, ya rage nauyi a hannu amma yadinsa bai ragu ba, ka sake tsoma shi ya koma yadda yake. Kilo ɗaya na kitse kalori ne kusan 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), mace kuma jikinta na ƙona wajen 2,000 a yini, kenan ko kwana 3 ta yi ba ta sa komai a baki ba ba ta ƙona kilo ɗaya cikakke ba. To ta ina kilo 5 na kitse zai fita a sati? Lissafin ma bai hau ba.

Mu da muke azumi ai bai kamata a ruɗe mu da wannan ba. Wata guda cur muke yi, kuma masu bincike da suka auna mutane sun ga abin da ake ragewa a Ramadan bai fi kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, shi ma bayan sallah da 'yan makonni ya dawo. Kowa ya ga wannan a jikinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi da zancen "farawa" ɗin nan shi ne yana kashe gwiwa ne a daidai lokacin da ake buƙatarta. Yarinya ta yi sati tana shan wahala, jiri, ciwon kai, baki ya bushe, ta hau sikeli ta ga kilo 3 ya tafi ta yi murna. Sati na biyu ta fara abin kirki da gaske, ta rage tuwo ta daina shan lemun kwalba, amma da yake ta koma cin abinci ruwan nan yana dawowa, ta hau sikeli ta ga ya hau da 2. Me za ta ce? Za ta ce rage abinci ba ya aiki shayin ne ke aiki, sai ta koma ta sayi wani kwalin. Mai sayarwa ya samu kwastoma, ita kuma ta bar hanyar da za ta fisshe ta. Wata maƙwabciyata tela ta nuna min rigar leshi da ta ɗinka wa wata ƙawar amarya, an auna ta tana tsakiyar shan shayin, ranar awure rigar ta zauna ɗas, ba a jima ba aka dawo da ita a buɗe gefe don zif ya ƙi hawa, yarinyar har da kuka wai jikinta ne ba ya jin magani.

Shi kuma dattin da ake cewa ya taru a jiki, ka tambayi mai tallar wane datti ne, sunansa me, ba zai iya faɗa ba. Allah ya riga ya sa mana hanta da ƙoda suna tace jini dare da rana, idan kuwa suka gaza ba shayi ake nema ba, gadon asibiti ake nema. A 2015 wasu masana a Ostireliya sun tattara binciken da aka yi kan abincin ditoks suka ce ba su samu ƙwaƙƙwarar hujja ba cewa yana fitar da guba ko yana rage ƙiba mai ɗorewa. A Amurka a 2020 hukumar kare masu saye ta can ta kai kamfanin shayi mai suna Teami kotu saboda tallar da ba hujja, har ya biya dala miliyan 1. Can kenan inda ake sa ido.

Da a ce kuɗi kawai ake asara da na yi shiru. Gudawa tana tafiya da gishirin jiki, musamman potasiyom wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Hajiyoyinmu da yawa suna kan maganin bendro na hawan jini, shi ma yana sa fitsari yana rage potasiyom ɗin, ki ɗora masa filasko a zafin nan na watan Maris, ƙafa ta riƙa ɗaurewa zuciya na bugawa ba daidai ba, ƙoda kuma ba ta samun isasshen ruwa. Mai ciwon suga da ke shan ƙwaya ko allurar insulin ta daina cin abinci don tana wankin ciki, suga zai iya faɗuwa ta yanke jiki. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da 'yarta ta riƙo ta, leɓe a bushe ido ya faɗa, na ja fatar bayan hannunta ta tsaya a tattare ba ta koma da wuri ba, sai da muka yi ta lallashi kafin ta fito da kwalin daga jaka a naɗe cikin leda, kunya take ji. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ma ta sani gudawa mai ƙarfi na iya hana ƙwayar aiki. Shi kansa senna likitoci ba sa so a wuce sati ana sha ba tare da izininsu ba, don hanji yana sabawa, ranar da aka daina bayan gida ya gagara. Wani kayan kuma da ake shigowa da shi ana ɓoye sibutramine a ciki, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Garin neman gira kar a rasa ido. Haka masu bentuwa, wato ɗura ruwan magani ta dubura, da citta da barkono wai don tumbi ya sauka, dan Allah a bari, hanji kawai ake ƙonawa.

Ba wai ina raina maganin gargajiya ba ne, a'a. A ƙasar nan muna da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong Akuapem tun 1975, a jami'ar KNUST ɗin nan kusa da mu ma ana karanta shi har digiri. Amma abin da aka bincika daban, garin da aka ƙulla a roba ba suna ba lambar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, daban.

Kuma ban ga laifin matan ba, ƙibar gaskiya ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2014 ya nuna mata 40 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Ghana nauyinsu ya wuce ƙa'ida, a birni abin ya fi yawa. Da can idan amarya ta yi jiki sai a ce mijinta ya iya kiwo, yanzu mijin ne zai kalle ta bayan haihuwa uku ya ce kin yi tumbi, a gaban mutane ma. Maza ku ji tsoron Allah, kalmar nan ita ke tura su wajen masu shayi.

In ana neman mafari na gaskiya a kofin koko yake. Ki tsaya wajen mai koko da safe ki ga cokali nawa na suga ake zubawa, ga ƙosai ga burodi, da rana sobolo ko burkina mai sanyi, da dare shayi da madara da Milo. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar sugan da ake ƙarawa ya wuce wajen giram 50 a yini, ƙananan cokali 12 kenan, kwalbar lemu ɗaya ta cinye fiye da rabi. Wakye ba laifi ba ne, wake ne ai, amma a ɗora taliya a ɗora gari a ɗora soyayyar ayaba a malala mai, duk a ganye ɗaya, a zaɓi ɗaya mana. Tuwon zafi a rage malmala a ƙara ayoyo. Daga Aboabo zuwa kasuwar Asawase ba sai an hau pragya ba, minti 30 na tafiya sau 5 a sati shi ne minti 150 ɗin da ake faɗa. Rabin kilo a sati ba ya burge kowa a hoto, amma mai kilo 90 idan ta sauke 5 zuwa 9 ta riƙe, ni da ke riƙe da abin gwajin ina ganin bambanci a jininta da sugarta.

Malam Edita roƙona, ku tura ɗan jaridarku ya zaga kasuwa ya sayo irin shayin nan kala-kala, ya kai ofishin FDA na Kumasi a duba wanne ke da rajista wanne babu, ku buga mana sakamakon da Hausa. Gidajen rediyo masu shirin Hausa su riƙa tambayar takardar izinin talla kafin su ba mai magani makirufo, malaman mata kuma su taɓo zancen a wajen ta'alim da taron suna, don can ne ake miƙa wa juna kwalin.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Aboabo, Kumasi