Albashin kuratan sojan Amurka da kwana 43 na zaman zulumi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga bayan an sake buɗe gwamnatin Amurka ranar 12 ga Nuwamban 2025, kuma na yaba da ƙoƙarin da kuka yi. Sai dai akwai wata jimla da ta tsaya mini a rai, inda kuka ce sojoji dai ba su rasa albashinsu ba, daga nan kuka wuce zuwa maganar filayen jirgin sama. Gaskiya kuka faɗa, kuɗin sun shiga. Amma ni uban soja ne, kuma abin da idona ya gani a cikin kwana 43 ɗin nan ya fi ƙarfin jimla ɗaya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarata ashirin da biyu a unguwar Bronx ta birnin New York, ina tuƙin tasi. Ɗana na fari a nan aka haife shi. Yana gama sakandare yana ɗan shekara 18 ya shiga sojan ruwa, yanzu shekararsa 20, ya yi aure bara, Allah ya ba su 'ya mace. Kurtu ne, bai kai ko matsayin da za a ce ya fara jin daɗin aikin ba.

Tun farkon Oktoba 'yan'uwa suka yi ta bugo mini waya daga gida suna tambaya, wai ta yaya gwamnati za ta rufe kamar shago? Tambayar tana da hujja, domin a Najeriya ba a san haka ba. Sashe na 82 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da cire kuɗi daga asusun gwamnati har tsawon wata shida idan majalisa ba ta zartar da kasafi ba. Amurka ba ta da wannan ƙofar. Shekarar kasafinta tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, kuma tsarin mulkinta ya ce ko sisi ba za a fitar daga baitulmali ba sai da dokar majalisa. Akwai kuma wata tsohuwar doka da ta haramta wa jami'in gwamnati kashe kuɗin da ba a ware ba. A 1980 da 1981 ne babban lauyan gwamnati na lokacin, Benjamin Civiletti, ya fassara ta da tsauri, ya ce idan kasafi ya ƙare to aiki ya tsaya, sai dai aikin da ya shafi kare rayuka da dukiya. Tun daga nan, duk sanda manyan jam'iyyun ƙasar biyu, Republican da Democrat, suka kasa jituwa kafin wa'adi, sai a kulle ofisoshi. Wannan karon rigimar a kan tallafin inshorar lafiya ce, kuma da yake ana bukatar ƙuri'a 60 daga cikin 100 a Majalisar Dattawa kafin kudiri ya wuce, kowane ɓangare ya ja tunga.

To ina soja ya tsaya a cikin wannan? Ma'aikacin ofis ana iya ce masa ya zauna a gida. Soja kuwa dole ya sa kaki ya fito fareti da asuba, ya hau jirgi idan an ce ya hau, ya yi gadi idan layi ya zo kansa, ko an biya shi ko ba a biya ba. Doka ta hana shi yajin aiki, ta hana shi shiga ƙungiyar ƙwadago. Idan ya ƙi zuwa aiki, dokar soja ce za ta hau kansa. Ba zai ce ya ajiye aikin ya nemi wani ba, domin ya sa hannu a kan yarjejeniyar shekaru. Ni direba, idan mai mota ya cuce ni, gobe sai in mayar masa da makullinsa. Yaron nan ba shi da wannan. A lokaci guda kuma 'yan majalisar da suka kasa zartar da kasafin suna karɓar albashinsu, dala 174,000 a shekara, saboda nasu yana ƙarƙashin dawwamammiyar doka wadda rufewa ba ta taɓa ta.

Ina so masu karatu su san girman aljihun kurtu, domin a gida da an ji dala sai a ɗauka an gama. A 2025 kurtu mai mafi ƙanƙantar muƙami yana karɓar ɗan abin da ya haura dala 2,300 a wata kafin a cire haraji, wannan ma bayan ƙarin kashi 14.5 cikin ɗari da aka yi wa ƙananan sojoji a shekarar. Ana biya sau biyu, ranar 1 da ranar 15 ga wata. Wanda bai yi aure ba yana kwana a bariki, yana cin abinci a ɗakin cin abinci na sansani, don haka shi da sauƙi, ko da yake shi ma yawanci akwai bashin mota a kansa da kuɗin waya da inshora. Mai iyali ana ba shi alawus na gida da na abinci, amma tare da albashin suke zuwa. Idan albashi ya tsaya, kuɗin haya ma ya tsaya. Matansu da yawa ba su da aiki tsayayye, saboda duk bayan shekara biyu ko uku ana canza wa miji wurin aiki, sai a kwashe kaya a tafi wata jiha. Cibiyar bincike ta RAND ta fitar da rahoto a 2023 da ya nuna cewa a 2018 kusan soja ɗaya cikin huɗu yana fama da ƙarancin abinci a gidansa. Wannan a lokacin da albashi ke shiga a kan kari ke nan.

A makon farko na Oktoba yaron nan ya kira ni da daddare. Ba ɗabi'arsa ba ce ya yi mini maganar kuɗi, tun yana ƙarami akwai shi da zurfin ciki. Muka gaisa, ya yi shiru, can sai ya ce, "Baba, idan ranar sha biyar ta zo ba a biya mu ba, ko za ka iya riƙe mana kuɗin madarar yarinya?" Na ce masa ko ba ka tambaya ba. Da na ajiye wayar na daɗe a zaune cikin mota ban tayar da ita ba. Yaron da ya rantse zai ba da ransa saboda ƙasa, shi ne yake jin kunyar roƙon ubansa kuɗin madara.

Surukata ta je wurin mai gidan da suke haya ta yi masa bayani tun kafin lokaci. Ya ce ya ji, ya kuma tausaya, amma shi ma banki na jiransa, kuma tarar jinkiri tana nan yadda take a takarda. Wata safiya ta bi wata maƙwabciyarta, ita ma matar soja, zuwa inda wata ƙungiyar agaji ke raba kayan abinci kusa da sansani. Ta ce mini layin motoci ya zagaye ginin, kuma yawancin waɗanda ke ciki 'yan mata ne sa'o'inta da jarirai a kujerar baya.

Sai ranar 11 ga Oktoba, saura kwana huɗu, Shugaba Donald Trump ya umarci sakataren tsaro Pete Hegseth da ya nemo kuɗin da za a biya sojoji. Aka je aka ɗebo daga kuɗin da majalisa ta ware don bincike da gwajin makamai, aka biya na ranar 15. Ba a gama ajiyar zuciya ba aka koma lissafin na ƙarshen wata. A tsakani aka sanar cewa wani attajiri ya ba ma'aikatar tsaro kyautar dala miliyan 130 don albashin sojoji. Mutane suka yi ta tafi, amma a raba wa sojoji miliyan 1.3 a gani, kowa dala ɗari ce kawai zai samu. Aka sake tono wasu asusun aka biya na ƙarshen Oktoba. Tun kafin nan ma sakataren baitulmali Scott Bessent ya fito ya ce zuwa 15 ga Nuwamba babu sauran inda za a ɗebo. Da kwana uku rak aka tsallake wannan ranar. Wato sau uku a cikin mako shida iyalan nan suna kwana ba su san ko za su wayi gari da kuɗi ba. Wannan shi ne abin da jimlar nan taku ta rufe.

Kuma kada wani ya ce ai tsoro ne kawai, ba a taɓa hana soja albashi ba. An taɓa. A rufewar da ta faro ranar 22 ga Disamban 2018 ta kai kwana 35, saboda rigimar dala biliyan 5.7 na gina katanga a iyakar Meziko, ma'aikatar tsaro ta riga ta samu kasafinta. Amma rundunar tsaron gaɓar teku tana ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida ne, ita kuma ba ta samu ba. Ranar 15 ga Janairun 2019 dakarunta kimanin 42,000 suka duba asusunsu ba su ga komai ba, alhali suna kan teku suna ceto mutane. Shugaban rundunar, Admiral Karl Schultz, ya fito fili ya ce ba abin yarda ba ne a ce dakarunsa sai sun dogara da rumbunan sadakar abinci kafin su rayu. Har a kwalejin horar da hafsoshinsu da ke New London a jihar Connecticut sai da aka buɗe wurin rabon abinci. An biya su bashin albashinsu bayan an buɗe gwamnati, amma tarar da banki ya ci mutum da tabon da ya shiga tarihin bashinsa babu mai mayar masa. Ga soja kuwa wannan tabo ba ƙaramin abu ba ne, domin tarin bashi yana iya sa a janye masa izinin taɓa bayanan sirri, wanda da shi aikin wasu ya dogara.

Rufewar 2013 ta fi ci mini rai. A makon farko na Oktoban shekarar aka kashe wasu sojoji a Afganistan, sai aka ce wa iyalansu dala 100,000 da ake ba magada cikin 'yan kwanaki ba za ta samu ba, saboda gwamnati a rufe take. Iyaye suna shirin tafiya sansanin Dover a jihar Delaware su karɓi gawar 'ya'yansu, sai da gidauniyar Fisher House ta ce za ta biya, kafin majalisa ta yi gaggawar gyara dokar ranar 10 ga wata.

Amma a wannan shekarar ta 2013 akwai darasi mai amfani. Ana saura sa'o'i gwamnati ta rufe, majalisun biyu suka zartar da dokar biyan sojoji ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a daren 30 ga Satumba. Ke nan abin mai yiwuwa ne, kuma ba ya wuce kwana biyu ko uku. Matsalar ita ce dokar ta wancan lokacin kaɗai aka yi ta. A 2025 'yar majalisa Jen Kiggans ta jihar Virginia, wadda ita kanta tsohuwar matuƙiyar jirgi mai saukar ungulu ce a sojan ruwa, ta gabatar da irin wannan kudiri, ba a kawo shi gaban zaure an kaɗa ƙuri'a ba.

Na ji masu cewa idan aka tabbatar wa soja albashinsa, babu sauran abin da zai matsa wa 'yan siyasa su sasanta da wuri. Duk wanda ya faɗi haka ya amsa da bakinsa cewa da gangan ake riƙe da cikin kurtu a matsayin jingina. Ban yarda da wannan ba, ko daga wace jam'iyya ya fito. Haka kuma ban ga abin murna ba a ce rundunar ƙasa tana jiran kyautar mai kuɗi, ko a riƙa karkatar da kuɗin da aka ware wa wani aiki daban, abin da masana doka da dama suka ce akwai ayar tambaya a kansa. Hanya madaidaiciya ita ce doka ta dindindin, wadda za ta sa albashin soja ya riƙa fita da kansa kamar na ɗan majalisa, a haɗa da dakarun gaɓar teku da fararen hular da ke aiki a sansanoni, waɗanda su kam sun yi makonni babu ko sisi.

Ina da roƙo ga 'yan'uwa na gida masu ɗa ko ƙane a wannan aiki, domin akwai 'ya'yan Najeriya da Nijar da Ghana a cikinsa. Idan kun ji an rufe gwamnati, ku ɗaga musu ƙafa a kan saƙon wata. Yaro ba zai iya buɗe baki ya ce babu ba, sai ya je ya ci bashi mai kuɗin ruwa don kada a ce ya manta da gida. Iyayen da ke nan kuma su tuna wa 'ya'yansu cewa bankunan haɗin gwiwa na sojoji, irin su Navy Federal, suna ba da rance marar ruwa a irin wannan lokaci, kuma kowace runduna tana da asusun agajinta. A nemi bayani tun da wuri, kada a jira ranar biya.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 12 ga Nuwamba ta ba ma'aikatar tsaro kuɗi ne zuwa 30 ga Janairun 2026 kawai. Surukata ta riga ta fara ajiye dala hamsin daga kowane albashi, ta kuma fasa zuwan da suka shirya kawo mana jikarmu a ƙarshen shekara. Ina roƙonku, Malam Edita, duk sanda aka sake fuskantar rufe gwamnati, ku sa wakilinku ya nemi matar kurtu ko guda ɗaya ya ji daga bakinta.

Wassalam.

Naku,
Wani mahaifin soja,
Bronx, New York