Zuwa ga aminiyata, kan maganar ƙaurarmu da makarantar Abba

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan Chicago lafiya lau, sai sanyi da ya fara kankama.

Kin tambaye ni me ya hana Baban Abba karɓar aikin da aka yi masa tayi a wata jiha, ga shi albashin ya fi na nan. Ni ce nake jan ƙafa, kuma saboda Abba ne. Kin san larurarsa ta galahanga, wadda a nan ake kira autism. Shekararsa tara, amma in abu ya same shi ba ya iya faɗa. In hayaniya ta yi masa yawa sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu, wani lokaci har ya ciji na kusa da shi. To abin da aka yarda malami ya yi wa yaro irinsa a wannan hali, ko riƙe shi da ƙarfi ko rufe shi a ɗaki shi kaɗai, kowace jiha da tata dokar. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da doka a kai. Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙudiri a 2010, ya je Majalisar Dattawa ya maƙale, kuma duk dawo da shi da ake yi bai zama doka ba. A 2012 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idoji 15, amma shawara ce kawai, wanda ya ga dama ya bi.

Kada ki ɗauka abin nan tsiraru yake shafa. Ƙididdigar gwamnati ta shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 ta nuna yara sama da dubu 100 aka riƙe da ƙarfi ko aka killace. Kusan kashi 80 cikin 100 nasu masu larura ne, alhali masu larura kashi 13 ne kacal na ɗalibai.

Na taɓa ganin irin ɗakin da idona lokacin da muke zagayen neman makaranta. Bai fi banɗaki girma ba. An lulluɓe bangonsa da katifa shuɗiya, ba kujera, ba taga sai ɗan gilashi a jikin ƙofa inda babba zai leƙa. A ƙasan ƙofar fenti duk ya goge, alamar ƙananan takalma sun sha bugunta. Matar da ke zagayawa da mu ta ce wurin hutawa ne. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, jihohi da yawa sai da aka yi rashi ko aka tona asiri sannan suka motsa. Jojiya ta hana killace ɗalibai a 2010, bayan wani yaro ɗan shekara 13 ya rasa ransa a irin wannan ɗaki a 2004. Kalifoniya ta haramta danne yaro rubda ciki a 2024, shekara shida bayan wani mai galahanga, shi ma ɗan 13, ya rasu ta wannan hanyar. Nan Illinois kuwa 'yan jarida ne suka yi aikin. A Nuwamban 2019 Chicago Tribune da ProPublica suka bankaɗo killacewa sama da dubu 20 cikin ƙasa da shekara biyu, da yawa ba don wani haɗari ba, don yaro ya ƙi yin aiki ne ko ya yi rashin kunya. Washegari hukumar ilimi ta jiha ta kafa dokar gaggawa, a 2021 kuma Gwamna Pritzker ya sa hannu a dokar da ta hana kulle wa yaro ƙofa, ta kuma kawo ƙarshen dannewa rubda ciki.

Ba wai ina ganin laifin malamai duka ba. Malamar Abba ta taɓa rungume shi gam da ya fizge zai faɗa titi, na kuwa yi mata godiya har da hawaye. Riƙon ceton rai daban, riƙon horo daban. Abin da nake bi layi-layi a dokar waccan jihar shi ne: sai akwai haɗari na zahiri ake riƙe yaro, ko ko ɓarnar kaya ma ta isa? An horar da mai riƙon? Kuma dole ne a sanar da ni? Wannan na ƙarshe ya fi komai a wurina. A nan wajibi ne makaranta ta ba iyaye takarda, ta kuma kai rahoto ga jiha. Inda ba a wajabta ba, Abba zai dawo min da tabo a hannu, in tambaye shi ya yi ta kallona.

Baban Abba ya ce in gama bincikena, zai nemi su ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata. Ki taya mu addu'a Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Ki gaida Hajiya da kyau, ki ce yajin da ta aiko ya iso, mun gode.

Taki har kullum,
Maman Abba